Mai Kifa Randa

Ranar da Ɗantani mai haƙar masai ya kafa diga a tsakar gidan Likita Halliru, tsohon yana zaune a ƙofar ɗakinsa, an jingina shi da bango an tokare shi da matashi don kada ya sulale.

Duk wanda ya yi wayo a Wudil ya san Likita Halliru, ko da bai san sunansa na yanka ba. Mai Kifa Randa muke ce masa. Shekarar da cutar amai da gudawa ta fara shigo mana, makara ba ta hutawa daga safe har magariba. Sauran likitoci suna asibiti suna jiran a kawo musu marasa lafiya, shi kuwa ya rataye farar rigarsa ya shiga lungu da 'yan duba-gari. Sai ya yi sallama, ya leƙa rijiya, ya dubi inda masai yake. In ya ga masai a tudu rijiya a gangare, ba ya dogon bayani, randar gidan zai nufa ya kifar da ita. An zage shi, an kai ƙararsa, wata tsohuwa a Ɗankaza har da muciya ta bi shi. Amma duk unguwar da ya kifa wa randa sai mutuwa ta yi sauƙi. Daga nan babba da yaro suka gane yarensa: in Likita ya kifa maka randa, ruwan gidanka ya mutu, ka tafasa ko ka nemi wani.

Yanzu ga shi shanyewar ɓarin jiki ta cinye masa hannun dama da ƙafar dama, ta haɗa da harshe. Hankalinsa ras yake, amma kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa: "A'a." Da ita yake gaisuwa, da ita yake godiya, da ita yake neman buta. Matarsa ta riga shi, sai ya zauna a hannun ɗansa Garzali da surukarsa Murja, a gidan da ya gina da kansa a Sabon Gari.

A shekarar ce sojoji suka koma bariki. Garzali ya tsaya takarar kansila, bai wahalar da kansa da alkawari ba, ya dai sa aka rubuta "Ɗan Likita" a ƙarƙashin hotonsa, ya ci. Tun daga ranar gidan ya zama kasuwa. Masu neman aiki, masu neman taki, 'yan jagaliya, kowa da buƙatarsa, kuma kowa da cikinsa. Murja ta ce ita fa ta gaji da ƙartai suna ratsa mata tsakar gida zuwa banɗaki. Shi ne Garzali ya kira Ɗantani ya haƙa wa baƙi nasu a jikin soro.

Ɗantani ya dubi wurin, ya dubi rijiyar da take ɗan gangare da shi, ya sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, nan kuwa? Ga rijiya nan ƙasa fa. Kuma ka san ƙasar garin nan rairayi ce."

"Malam Ɗantani, aiki na kira ka ko lacca? Za a shafe bakin da siminti. Zamanin a-yi-dole ya wuce, farar hula muke ciki."

"To, ai gidanka ne," in ji Ɗantani. Ya tofa yawu a tafi ya ɗaga diga.

"A'a!" Tsohon ya buga ƙasa da hannunsa na hagu. "A'a! A'a!"

Murja ta leƙo daga madafa. "Baba, kunun ne ba ka so?"

"A'a!"

"To, bari a dafa maka shayi."

Ya miƙa hannu yana nuna ramin, yana nuna rijiya, jijiyar wuyansa ta tashi. Garzali ya ce ƙarar digar ce ta dame shi, a mai da shi ɗaki. Washegari da aka fito da shi shan hantsi, ya sa yatsa ya zana da'ira biyu a ƙasa, ya ja layi daga ta sama zuwa ta ƙasa, ya zauna yana gadin zanen yana jiran ɗansa ya wuce. Garzali ya wuce ɗin, yana gyara hula, mutane na jiransa a soro. Da la'asar Murja ta zo da tsintsiya ta share, tana cewa, "Allah sarki tsufa, Baba ya koma wasan ƙasa."

Mutum ɗaya ce take zama kusa da shi ba don dole ba, jikarsa Kausar, 'yar shekara biyar. Ango take ce masa, irin wasan jika da kaka. Takan zauna a kan ƙafarsa mai lafiya ta ɓare gyaɗa, ta ci biyu ta sa masa ɗaya a baki, ta ce, "Ango, in ba ka saya min ɗankunne ba, zan fita." Ya ce, "A'a," ɓarin bakinsa mai motsi yana dariya. Tun da aka fara haƙa ramin nan idonsa yake kanta. Duk sanda ta nufi randa sai numfashinsa ya tsaya.

Damina ta kankama, marka ta sauka, baƙi kuma ba su ragu ba. Ruwan guga ya fara fitowa da ɗan duhu da wani ɗan wari da sai ka kai hanci za ka ji. Murja ta ce ai haka rijiya take yi da damina. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza, amma wa zai tsaya tuna karin magana ana jiran tuwon mutum talatin?

Likita ya daina shan ruwan gidan. In an miƙo masa moɗa sai ya datse baki ya kau da kai. Shayi kawai yake karɓa, don ya san an tafasa. In ana ruwan sama sai ya miƙa kwanonsa ƙarƙashin indararo ya tara. Murja ta ce Baba ya koyi tsirfa.

Wata rana Kausar ta dawo daga makarantar allo a guje, ta ɗebo ruwa a randa, ta zo ta tsaya gabansa za ta sha. Bai da kalmar da zai tsai da ita, sai hannu. Ya kai wa moɗar duka, bakin moɗar ya fasa wa yarinyar leɓe. Ta ƙwalla ƙara, jini ya zubo a gaban rigarta. Shi ma kuka yake, yana miƙa hannu zai shafa kanta, Murja ta fizge ta.

"Baban Kausar, wallahi na gaji!" ta ce da mijinta da ya shigo. "Ni ce wankinsa, ni ce cinsa, yau kuma 'yata zai nakasa min? Kada na ƙara ganin ki a wurinsa, kin ji ko?"

Garzali ya tsuguna gaban uban. "Haba Baba. Haba Baba. Me yarinyar nan ta yi maka?"

Tsohon ya kama masa hannun riga yana ja wajen rijiya. Garzali ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da ladabi, ya tashi.

Ranar da manyan jam'iyya suka zo cin abinci, an shimfiɗa darduma a soro, kowa ya shagala. Likita ya zame daga tabarmarsa. Ya ja gindi a cikin caɓin tsakar gida, hannu ɗaya yana tura ƙasa, matacciyar ƙafar tana biye da shi. Ya huta, ya sake ja, har ya kai ga babbar randar da take gindin bishiyar dalbejiya. Ya sa kafaɗa ya tura. Ta ƙi. Ya sake turawa da duk abin da ya rage masa, randar ta kife ta rabe biyu, ruwan ya malala har cikin soro ya jiƙa takalman baƙi.

Aka fito a guje. Yana zaune cikin laka, yana haki, idonsa ƙur a fuskar ɗansa. Wallahi fuskarsa har da annuri, don a ganinsa yau kam ya yi magana da yaren da duk Wudil take ji. Wanda ya ci zaɓe da sunan Mai Kifa Randa ai ba sai an fassara masa ba.

Sai wani daga cikin manyan ya girgiza kai ya yi 'yar dariyar tausayi. "Allahu akbar, Likita! Aikin ne ya dawo masa. Haka kakana ya yi da ya rikice, falke ne shi, kullum sai ya ce a ɗaura wa jaki mangala. Honorabul, sai haƙuri, ladanka yana wurin Allah."

Kowa ya ce haka ne, haka ne. Aka koma aka ci gaba da cin abinci.

A yammacin nan Garzali ya sa aka kwashe buhunan da suke ɗakin ajiya na can ƙuryar gida, aka shimfiɗa tabarma, aka kai uban. Ya sayo kwaɗo. Da tsohon ya dinga dukan ƙofa, sai aka ɗaure hannun nan ɗaya mai rai da ɗankwali a jikin ƙarfen taga. Dalilai kuwa ba su yi ƙaranci ba. Garzali ya ce don kada ya faɗa rijiya ne. Murja ta ce don kada ya ji wa yara. Wanda ya tambaya a waje, sai a ce likitoci sun ce ya huta, ba a son hayaniya.

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Mutumin da ya koya wa garin nan wanke hannu da toka in babu sabulu, mutumin da ya hana mahauta shanya nama ƙuda na bi, shi ne yake kwance cikin fitsarinsa har sai an sami sukunin leƙa shi. Shayin ma ya koma na safe kawai, don mai dafawa tana da baƙi. Akan ajiye masa kwanon ruwan rijiya a gefe, ya wuni yana kallonsa, leɓɓansa sun tsattsage. In an yi ruwan sama sai ya miƙa wuya ya lashi ƙarfen taga.

Ran Juma'a 'yarsa Bilkisu, wadda take aure a Dagumawa, ta biyo motar kasuwa ta zo. Da aka buɗe mata ƙofar sai ta dafe bango ta yi salati. Ta hura wuta ta tafasa ruwa don ta yi masa wanka. Tana ajiye tukunyar, kafin ta sirka, ya miƙa hannun da ta kwance masa ya dumbuza da kwano ya kai baki. Yana ƙona shi yana sha, hawaye na zuba, ya sake dumbuza.

Ta sami yayanta a soro. "Yaya, Baba fa ƙishirwa ce take kashe shi. Ruwan zafi ya sha kamar wanda ya fito daga daji."

"Kin gani ko? Ga mai sanyi a gefensa tun safe, sai na wanka. Wannan ai ba hankali ba ne, Bilki."

"To ka ba ni shi na tafi da shi. Ni zan iya."

"Ki tafi da shi ƙauye, a ce kansila ya kasa riƙe ubansa? Kin san abin da 'yan adawa za su yi da wannan maganar? Ni ma fa ba a zaune nake ba. An tabbatar min sammu ne, ni aka jefa ya faɗa kansa. An fara masa rubutu, gobe za a kawo."

Ta yi kuka, ta roƙa, ya ce ta bar masa gidansa. Tana da jariri a gida da miji mai jira, dole ta bi motar yamma. Da za ta fita tsohon ya riƙe mata gefen zane yana cewa, "A'a, a'a." Ta ɗauka kewa ce.

Washegari aka kawo alluna. Murja ta ɗebo ruwa a guga ta wanke su a ƙwarya. Likita mutum ne mai riƙo da addini, bai taɓa raina rubutu ba. Da ya ga ƙwaryar ya sunkuyar da kai don girmamawa, sannan ya ɗago yana nuna murhu da haɓa, yana nuna ƙwaryar, yana sake nuna murhu. A tafasa kawai yake roƙo.

"Ka ga yadda yake gudun ayar Allah?" in ji Murja. "Wallahi abin nan ba shi kaɗai ba ne."

Garzali ya durƙusa ya rungume kan ubansa a ƙirji. "Ka yafe min Baba, don lafiyarka ne." Ya toshe masa hanci. Tsohon ya riƙe numfashi iya ƙarfinsa, da ya buɗe baki neman iska aka ɗura masa. Haka aka yi safe da yamma.

Bai jima ba cikin ya ɓarke. Da ya ga abin da yake fita daga jikinsa, fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, bai buƙaci kowa ya gaya masa sunansa ba, ya gan shi a jikin dubban mutane. Ya kuma san maganin farko bai wuce tafasasshen ruwa da gishiri da sukari ba, kuma duka ukun suna madafar gidansa, yana jin ƙamshin hayaƙinta.

Murja ta toshe hanci da mayafi ta ce, "Baban Kausar, anya ba za a kai shi asibiti ba?"

"Wane asibiti? Wanda rabin ma'aikatansa yaran Baba ne? Kafin la'asar gari ya ɗauka kwalara ta ɓulla a gidan kansila. Sati mai zuwa fa zan ƙaddamar da sharar gari da sunansa. Ɓacin ciki ne, rubutun ne yake fitar da abin. Zan aiko da ƙwaya daga kemis."

Aka kawo ƙwayar, da kwanon ruwan da za a haɗiye ta da shi.

Da azahar ta kashegari Murja ta bar ƙofar a buɗe don wari ya ragu, ta shiga maƙota barkar haihuwa. Idon tsohon ya faɗa, fatar yatsunsa ta yamushe, muryar ma ta tafi. Sai ga Kausar ta leƙo, tana waige kada uwarta ta gan ta, ta riƙo moɗa da hannu biyu don kada ta zube.

"Ango, na yafe maka. Ka ga bakin ma ya warke." Ta matso. "Umma ta ce ba ka shan ruwa. Sha mana."

Ya kau da kai.

"Ba ɗaci fa. Ka gani, ni ma bari na sha."

Ya fizgi hannunsa, ɗankwalin ya riƙe. Ya sake fizga har ƙarfen taga ya yi ƙara, fatar wuyan hannun ta saɓule. Ya buɗe baki ya nemi kalmar nan tasa guda ɗaya, iska kawai ta fito. Yana kallo ta ɗaga moɗar ta shanye rabi, ta goge baki da bayan hannu, ta yi masa murmushi.

"Saura kai."

Kafin la'asar ya cika.

Wudil ba ta taɓa ganin jana'iza irin wannan ba. Daga Ɗankaza, daga Dagumawa, daga ƙauyukan hayin kogi, mutane suka yi ta ɓullowa. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, Garzali ya sa aka jera sababbin randuna don masu ta'aziyya, samari suna ta jan guga suna cikawa. Kowa ya zauna sai ya ba da labarin yadda Likita ya ceci gidansu, ya miƙa hannu a ba shi ruwa.

Washegari Bilkisu ta shiga ɗakin ajiyar don ta kwashe shimfiɗar ubanta. Ta ga abin da ya bushe a tabarmar. 'Yar Likita ce, ta san shi. Ta fito ta nufi rijiya ɗebo ruwan wanki, ta saki guga, ta ɗaga kai. A karo na farko ta dubi ginin nan na jikin soro da idon da ubanta yake duban gidajen mutane. Ga shi a tudu, ga danshi kore yana bin gindin bangon yana gangarowa. Ta tuna tukunyar ruwan zafi. Igiyar gugan ta suɓuce daga hannunta.

A daidai nan ta ji ihun Murja daga ɗaki: "Wayyo, Kausar! Ku zo, amai take, ba ya tsayawa!"

Bilkisu ta ratsa soro ba mayafi, ta fita tsakiyar maza. Ta kama randar farko ta kifar. Ta kama ta biyu.

"Ku yi haƙuri jama'a, zafin rashi ne," Garzali yake cewa yana ƙoƙarin riƙe ta. "Bilki, ki shiga gida!"

"Ruwan gidan nan ya mutu!" ta ce. "Kada wanda ya ƙara sha! Abin da Baba yake gaya muku ke nan!"

Wani dattijo daga Ɗankaza, Malam Auta, moɗa tana bakinsa, ya sauke ta a hankali ya zubar. Abin da Likita ya yi ne Bilkisu ta yi, a gidan nan, da irin randar nan. Bambancin kawai ita a tsaye take kuma tana da harshe.

An kai Kausar asibitin da aka ƙi kai kakanta, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Cikin masu ta'aziyya ma an kwantar da da yawa, Allah ya tashi kafaɗunsu. Ita kuwa ƙarama ce, jikin bai da abin da zai jure. Ranar sadakar ukun Likita aka binne ta kusa da shi.

Garzali ya sa an rufe rijiyar da siminti. In an yi masa gaisuwa sai ya ce ƙaddara ce, ba mai tsallake ta. Gaskiya ne, ƙaddara gaskiya ce. Amma digar Ɗantani ba daga sama ta faɗo ba, kwaɗon nan da ƙafa aka je kasuwa aka sayo shi, ɗankwalin ma hannu ne ya ƙulla. Mukan iya manna sunan iyayenmu a bango mu ci zaɓe, mu kasa tsugunawa mu dubi inda yatsansu yake nunawa. Da zarar harshen tsoho ya karye sai mu yanke masa hukuncin hauka, don ya fi sauƙi a kan saurare.

Murja ba ta cewa ƙaddara. Tun da aka share makoki take zama a ƙofar ɗakin ajiyar nan, ɗankwalin yana kan cinyarta. Duk matar da ta shigo ta ce mata ya haƙuri, sai ta ɗago ta dube ta, ta ce:

"Ashe magana yake yi mana."